Awon Rigar Balandin

Ɗaga hannu, Balandin, in auna.
Ƙugun nan ni na ɗaura masa zanen farko,
shekarar da kuka tare a Yelwa, katanga ɗaya tsakaninmu.
Yau kin dire min farin leshi yadi shida
kina ce min, Inna Tabawa, a yi a hankali.

To ni ma ina da tambaya, ko da allura a bakina.

Me ya sa fari?
Farin da miyar kuka in ta hango shi sai ta yi tsalle?
Kin ce rigar da aka sa miki ran baftisma ce
ta girma tare da ke.
Na ƙara mata yatsa biyu a kafaɗa.

Ita takardar baftismar, gara ta yi kalaci da ita
a akwatin kakarki.
Sau biyu Selestin yana hawa motar Gidar
kafin katikis ya buɗe littafi mai warin jemage
ya tarar da sunanki, harafi ɗaya ya ɓata.
Namijin da ya bi takarda har can
zai iya bin cefane.

Lahadi uku Fada zai karanta sunayenku,
wai mai magana ya fito ya faɗa.
A unguwar nan wa ke jira a tambaye shi?
Tun a bakin famfo aka gama shari'arku,
kuma kun ci.

Na ce a sa rana a Maris, kin girgiza kai:
azuminku ne, kwana arba'in, coci ba fure ba guɗa.
Sai bayan Ista.
Afrilun Garwa ke nan, sa'ad da Binuwai ke komawa rairayi.
Shi ya sa ba zan yi mata shafi biyu ba,
kada amarya ta narke kafin kyandir.

Juya baya.

Sau uku za a ɗaura, in na ƙirga daidai:
gidan ubanki da awaki,
ofishin magajin gari da biro,
sannan gaban bagadi.
Mu goro ne da Fatiha, kafin shayi ya huce an watse.

Wa zai karɓa miki? Wane ne waliyyi?
Kin ce, ni ce, da bakina.
Fada shaida ne kawai, shi da mutum biyu.

Nan allura ta soke ni.

Ran nawa ina ƙuryar ɗaki, lalle bai bushe ba,
wani yaro ya rugo ya ce an shafa.
Ina son Malam Ilu, Allah ya jiƙansa,
shekara ashirin da bakwai bai ɗaga min murya ba.
Sai dai ya tafi bai taɓa jin
na ce na yarda ba a gaban mutane.
Bari in tsotse yatsan, kada ya ɗiga a leshi.

Ubanki ya aiko jiya:
Ɗan'azumi mahauci ne zai yanka san, don mu ma mu sa hannu.
Tulunan burukutu can bayan gida,
zoɓo da kunun gyaɗa a rumfar gaba.
Wannan lissafin ba a littafin Fada yake ba.

Saura ni. A ƙofa zan tuɓe takalmi?
Daina dariya, awo zai karkace.
Na ji: in sun tashi in tashi,
in sun yi layin karɓar gurasa in zauna abina.

Bencin ƙarshe zan nema, kusa da taga,
allura da farin zare a cikin ɗankwalina
ko wani maɓalli zai yi gardama.
Ke dai in an zo wurin tambayar
kada ki yi ta ƙasa-ƙasa kamar mai tayin gishiri.
Ki ɗaga murya.
Kunnena na hagu ya fara nauyi.